Shinkafar da Aka Dawo Mini da Ita

A Tudun Wada, da zarar watan Disamba ya raba, sai cocinmu ya fara ƙafewa kamar tafki da rani. Yawancin waɗanda muke sujada tare mutanen kudu ne, masu kantuna da kafintoci da akawuna, kuma duk mai ƙafar zuwa tashar jirgi a cikinsu ba ya yin Kirsimeti a Zariya. Kowace Lahadi sai a sami ƙarin benci guda da babu kowa a kansa. Ni ba ni da inda zan tafi. Mahaifina mai bishara ne a wani ƙauye kudu da birni, ya rasu ina makarantar horon malamai, mahaifiyata ta bi shi bayan damina biyu. Gidan da na girma a ciki na ikilisiya ne, an riga an sa wani.

Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Turawa suna nan, amma a zauruka ana ta maganar mulkin kai. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ina kuma zaune a ɗaki guda na haya a gidan wani maɗinki da kowa ke kira Malam. A coci ni ce Bahaushiya, wadda ake tasowa ta yi tafinta in an yi baƙo daga ƙauye. A unguwa kuwa ni ce 'yar mishan. Kowane ɓangare yana yi mini kirki, irin kirkin da ake yi wa baƙo.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗauke ni baƙuwa ba, wato Inna, mahaifiyar Malam. Kwana uku da tarewata ta ɗaga labulen ɗakina, ta same ni ina cin burodi a tsaye, littafi a ɗaya hannun.

"Wannan ne abincin naki?" in ji ta. "Shi ya sa wuyanki kamar na balbela. Fito."

Tun daga ranar kwanonmu ɗaya. Kullum bayan magariba sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ajiye akushin tuwo a tsakaninmu. Ita ta yi bisimilla, ni in rufe ido in yi godiya, ta jira ni tana gunaguni cewa addu'ata ta cika tsawo, miya za ta huce. In tsoka ɗaya ce a miyar sai ta turo ta gefena da yatsa, ta ce ita haƙoranta sun gama aiki. Tun rasuwar mahaifiyata ban sami wani wuri a duniya da na ji an ajiye domina ba sai gefen akushin nan.

A watan Nuwamba na shekarar, wani dattijo mai bishara, abokin aikin mahaifina, ya same ni a makaranta. Baba muke ce masa. Ya jingine kekensa a gindin dalbejiya, ya ce yanzu yana aiki a wata unguwar kutare, tafiyar rabin yini a lori daga Zariya, inda akwai ɗan asibiti da gonaki da majami'ar ciyawa. Akwai yara a can, waɗansu suna da cutar, waɗansu iyayensu ne ke da ita. Malamin da ke koya musu karatu ya tafi tun da damina, ba wanda ya yarda ya maye gurbinsa.

"Ba ni na ce ki zo ba, 'yata," ya ce. "Ni dai duk sanda na durƙusa a kan maganar yaran nan, fuskarki ke zuwa mini. Na kore ta, ta ƙi koruwa. Ki zo ki gani da idonki, sannan ki tambayi Mai sama."

Na je ran wata Asabar. Wurin a share yake tas, ya fi unguwarmu tsabta. Na ga mutane a layi suna karɓar waɗansu fararen ƙwayoyi, sabon magani, likitar wurin ta ce mini wanda ya daɗe yana shan sa ba ya saurin shafa wa wani. Fuskokin da na zaci za su hana ni barci ba su hana ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran. Suna zaune a gindin tsamiya a jere, ba malami, ba allo, suna rera baƙaƙe da kansu. In sun kai inda tsohon malamin ya tsaya sai su yi shiru kaɗan, kamar masu jiran wani ya ɗora, sannan su koma farko.

Da za mu taho wata mata ta tare ni. Yatsunta sun ƙare sai guntaye, amma saƙar faifai take yi, tana jan kaba da haƙori. Ta ɗauko ɗaya ta ajiye a kan dutse, ta ja da baya, yadda suka saba ba mai lafiya abu. Ja ne da baƙi da ruwan ƙwai, zanen ya fito daga tsakiya yana buɗewa kamar furen kabewa. Ban taɓa ganin mai kyansa ba. Na ɗauka na yi godiya. Baba ya raka ni bakin hanya, ya ce zai biyo ta Zariya washegarin Kirsimeti, in ba shi amsa.

Washegari na fito da faifan tsakar gida ina murna. Matan maƙwabta uku sun shigo ɗiban ruwa a rijiyarmu, suka kewaye ni suna yabawa, matar wani akawu ta karɓa tana juya shi a rana. Sai ta tambaye ni a wace kasuwa na samo. Na gaya mata gaskiya. Ta ajiye shi a bakin rijiya a hankali, ta tafi murhu ta ɗebi toka ta wanke hannu har gwiwa. Na ga wannan da idona, amma hankalina yana gindin tsamiya.

Da suka fita Inna ta ce, "Ke, hankali ne ba ki da shi, ko karatun ne ya yi miki yawa? Rataye shi a bango ki yi ta kallo in kyau kike so. Kada ya kusanci abin ci."

Na rataye. A ranar na gaya mata maganar Baba. Ta daɗe tana murza carbinta.

"Cutar Allah ce, ban ce ba," in ji ta. "Ran Juma'a muna ba su sadaka. Amma ki tattara ki zauna a cikinsu? Wa zai ci abinci da ke bayan nan? Wa zai aure ki? Allah ya raba ki, 'yar nan. Shi wannan tsohon ba shi da 'ya ne?"

Makonnin da suka biyo baya na yi su ina addu'a. Ni a lokacin mai yawan mafarkin ido biyu ce, ina da wani littafi da nake rubuta 'yan waƙoƙina a ciki, ba mai gani. Na zaci amsar Allah za ta zo mini da irin kyan da nake so, murya ko mafarki, ko wani haske a kan shafin da na buɗe. In an tashi makaranta sai in bi hanyar unguwar Kongo a ƙafa, in je in dawo, ina sauraro. Ba abin da na ji sai ƙararrawar kekuna da kukan shanun da ake korawa kasuwa.

Saura kwana biyar Kirsimeti na raka Madam tashar jirgi. Madam mai kantin yadi ce, mutumiyar gabas, kusa da ni take tsayawa a cikin mawaƙan coci, ita ce mafi kusa da abin da zan kira ƙawa. Ta loda 'ya'yanta mata biyu da buhunan albasa da wake ta taga, tana ba 'yan dako umarni da Hausarta ta kasuwa mai sauri. A nan na gaya mata.

"Kutare!" Ta dafe ƙirji. "Malama, Ubangiji ya taɓa su da hannunsa ya warkar, na sani, amma shi Ubangiji ne. Ke da mura ke kwantar da ke mako guda! Ji nan, akwai ƙanen mijina, akawu ne, yana da sabon keke, yana da rediyo. Baƙi ne ƙwarai, amma da dare wa ke gani? Shigo mu tafi, ko a kan albasa zan zaunar da ke."

Na yi dariya har na yi hawaye. Jirgin ya ja, tana ɗaga mini hannu tana ihu cewa in yi tunanin rediyon. Da hayaƙin ya washe na ga ni kaɗai ce a wurin da ba ta da kaya kuma ba ta jiran kowa.

A unguwarmu akwai abin da ake yi, ba wanda ya rubuta shi amma kowa ya sani. Ran Salla kwanuka suna shigo mini daga gidajen maƙwabta, tuwon shinkafa da waina da nama, har in rasa wurin ajiyewa. Ran Kirsimeti ni ke ramawa. Dabbar da za a dafa Musulmi ke yankawa, don kowa ya ci hankali kwance. Kuma kwano ba ya komawa gidansu wayam, sai an ɗora ɗan wani abu a kai, goro ko ƙwai ko ƙullin daddawa. Ba a kai abincin da kai, aikawa ake yi. A bara 'ya'yan Madam suka kai mini. Bana ba ni da wanda zan aika.

Da sassafe ran Kirsimeti na kai wa Malam zakarana. Ya fito zaure yana wasa wuƙa a bakin dakali, zare maƙale a rigarsa kamar kullum.

"Malama, kafin in yanka, zakaran nan naku ne ko namu?"

"A gidanka ya girma, Malam, kai za ka sani."

"To, yana dai riga ladan tashi. Amma ban taɓa ganin ya yi alwala ba."

Ya fuskanci gabas ya yanka. Matarsa ta tafi wankan jego gidan iyayenta, saboda haka murhu nawa ne ni kaɗai. Na dafa shinkafa, na yi miyar tumatir da man gyaɗa yadda Madam ta koya mini, cincin kuwa tun jiya na soya, ya cika kwalla. Malam ya wuce ya tsamo ƙundu daga tukunya, ya ce ladan wuƙa ne. Inna na zaune a rana tana ba ni umarni, gishiri ya yi yawa, gishiri bai ji ba.

A coci ba mu cika benci uku ba. Mai buga molo ya tafi, mawaƙa sun tafi, wani tsohon ma'aikacin jirgi ne ya ja waƙa, muryarsa tana rawa, muna bin sa a warwatse. Aka karanta labarin budurwar da mala'ika ya zo wa da saƙo, da yadda ta amsa, da haihuwar a wurin dabbobi. Na yi tafinta wa waɗansu mata biyu 'yan ƙauye da suka zo jinya gari. Aka yi wa juna barka a ƙofa, kowa ya kama gabansa.

Na dawo na zuba shinkafar a langa huɗu, uku na maƙwabta, ɗaya ta Inna. Na jera su a babban tire, na tara cincin a tsakiya. Sai na nemi abin rufewa. Tsohon faifaina ya sha hayaƙi, gefensa ya tsinke. Na ɗaga ido na ga na bango.

Ba zan ce na manta da maganar Inna ba. Na tuna sarai. Sai dai na ce a raina yau ranar haihuwar Ubangiji ce, abu mafi kyau da na mallaka shi ya kamata ya fita, kuma kowace langa da murfinta. Na ɗauka cewa a rana irin wannan zukatan mutane suna buɗe kamar tawa. Na kaɗe shi na rufe tiren, na ɗaura sabon ɗankwalina. Inna tana sallar azahar sa'ad da na fita.

Gidan farko na matar akawu ne. Ta taso da fara'a. "A'a, Malama da kanki? Barkanku da salla! Yau ke ce uwar gida, ke ce 'yar aike?" Ta miƙo hannu biyu za ta sauke ni. Sai idonta ya sauka a kan faifan. Hannuwan suka tsaya a sama, sannan suka koma suna gyara ɗaurin zane.

"Ajiye nan kusa da turmi," in ji ta. "An gode. Allah ya maimaita mana."

Na durƙusa na ajiye langa a ƙasa, na zuba mata cincin a kan murfin. Ba ta ce in zauna ba.

Gida na biyu na wata tsohuwa ce mai ƙosai, wadda ke ƙara mini ɗaya kowace safiya. Ita ta karɓa, amma sai da ta naɗe hannunta da bakin zane. Ta yi ta sa mini albarka tana kallon ƙasa. Gida na uku kuwa labari ya riga ni, ta kan katanga. Na yi sallama sau uku a zaure, sai aka amsa daga ciki cewa maigida ba ya nan, kuma ya hana a karɓi abu in ba ya nan. Takalmansa suna ƙofar. Na ajiye langar a dakali na juyo.

Da 'ya'yan Madam na aika, da sun dawo sun ce mini an gode, da na yi Kirsimetina da daɗi. Amma ni na kai, na ga hannun kowa.

Inna tana naɗe abin sallarta na shigo. Ta dubi tiren, ta dube ni.

"Innalillahi. Da shi kika zaga unguwa?"

Na sauke, na ɗauko tata langar na riƙe, ban san ko in miƙa ko in ajiye ba. Ta fizge ta daga hannuna, ta shige ɗaki ta saki labule.

Kafin la'asar kwanukan suka dawo. A zaure aka ajiye su, Malam ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙofata. Duka uku a cike suke, miyar ta daskare a kan shinkafa, ba wanda ya ko buɗe. Amma a kan murfin kowace akwai abin da aka saba. Goro biyu a ta matar akawu. Ƙwai uku a ta mai ƙosai. Ƙullin daddawa a ta ukun. Ba wanda ya karya al'ada.

Malam ya tsaya yana cire zare daga hannun rigarsa. "A yi haƙuri da mutane, Malama. Tsoro ne, ba ƙiyayya ba." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Ni dai na ci ƙundu, ke shaida ce."

Sai ga Inna ta fito da tata. Ta buɗe a gabana. A gefe guda akwai ramin yatsu huɗu.

"Kin ga wurin? Na sa hannu. Na ɗauko loma, na kawo ta har nan." Ta taɓa haɓarta. "Bakina ya ƙi buɗewa. Sau uku ina bisimilla. Ni da na ga yadda kika dafa, a gabana kika wanke tukunya." Ta rufe langar da ƙarfi. "Ke kika jawo, ja'ira. Na gaya miki ko ban gaya miki ba?"

"Kin gaya mini, Inna."

"To saurara. Yau faifai ne kawai. Ki ba ni shi in sa a murhu, wata guda kowa ya manta, da Salla kwanuka su shigo miki kamar da. Amma in kika je kika zauna can, kika dawo hutu, ni da ke a akushi ɗaya..." Ta girgiza kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba, na tsufa da yin ƙarya. Ba zan kore ki ba. Amma ba zan iya ba."

Na shiga da kwanukan ɗaki na rufe ƙofa. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan murafun. Unguwa tana harkarta kamar kowace rana, ana daka a wani gida, keken ɗinkin Malam ya ci gaba da ƙara a zaure. A duk layin ba mai bikin salla sai ni.

Na zauna a ƙasa, na tuna matar nan da ta ajiye faifan a kan dutse ta ja da baya. A lokacin na ɗauka ladabi ne. Yanzu na ajiye langa kusa da turmi da hannuna, na san yadda abin yake a ciki. Ni yini ɗaya na yi. Ita haka take ba da kyauta, haka take karɓa, kowace rana ta Allah.

Sai na gane abin da nake roƙo duk makonnin nan. Ina so Allah ya kira ni, amma ya bar mini tabarmar Inna. Ina jiran ya nuna mini hanyar da ba zan rasa komai ba, da bai nuna ba sai na ce bai yi magana ba. Budurwar da na yi tafintar labarinta da safe, ita ma tana da unguwa, da maƙwabta masu ido, da rijiyar da za ta je ɗiban ruwa da ciki a gaba. Ba a ba ta tabbacin yadda za su dube ta ba kafin ta amsa. Na sha jin labarin tun ina yarinya, ban taɓa tunanin maƙwabtanta ba sai ranar.

Na durƙusa a tsakanin kwanukan. Duk kalmomin da nake ji da su, waɗanda nake tarawa a littafina, ba ɗaya da ta zo. Na ce, "Ubangiji, ina jin tsoro, kuma ba na son in rabu da tsohuwar nan. Amma za ni. In kai ne, ka riƙe ni. In ba kai ba ne, ka tare hanyar."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Na daɗe a durƙushe har gwiwata ta yi ciwo. Abin da ya zo mini yunwa ce, don ban sa komai a bakina ba tun safe. Na jawo langar mai ƙosai na buɗe, na yi godiya, na ci shinkafa mai sanyi. Gishirin ya yi daidai.

Bayan magariba Inna ta shimfiɗa tabarma ta kira ni. Ta fito da kwano biyu, ta tsaya tana kallonsu, sai ta yi tsaki ta juye a ɗaya. Muka ci ba mai magana. Ba ta yi gunagunin addu'ata ba.

Washegari da hantsi Baba ya iso. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce za ni. Na zaci zai yi murna. Sai ya cire hularsa ya riƙe a cinya.

"Allah ya sa ba ni na cuce ki ba, 'yata," ya ce. Sannan ya mayar da hular. "Rufin ɗakin malami yana yoyo. Zan sa a gyara kafin damina."

Na juye masa sauran cincin a jaka ya kai wa yaran. Malam yana jin mu, bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

Inna ta yi kwana uku ba ta ce mini komai ba sai "ungo" da "tashi". Na rubuta takardar barin aiki, na ɗaure littattafaina, na je na sallami gidajen nan uku, suka yi mini addu'a daga nesa, da gaske kuma suke yi. Ana gobe zan tafi, da hantsi, Inna ta fito da ɗan kwanon man shanu da tsinken kitso, ta zauna a kujerarta ta 'yar tsugunne, ta nuna ƙasa a gabanta.

"Zauna. Kwance wannan kan naki mai kama da sheƙar kurciya. Can wa zai yi miki, da waɗanne yatsu?"

Na zauna na ɗora kaina a cinyarta. Ƙananan kitso ta yi, irin waɗanda ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, tana ja har idona ya kawo ruwa. In na motsa ta dungure ni. Muka kai azahar, ta tashi ta yi salla ta dawo, muka kai la'asar. Tana yi tana faɗa, cewa in riƙa cin abinci a zaune, cewa in na ga wani tabo a jikina kada in ɓoye, cewa addinin da ke raba yarinya da gida ita ba ta gane masa ba, amma Allah ɗaya ne, ta bar ni da shi. Da ta gama ta shafa mai, ta bar tafinta a kan kaina ya daɗe, ya wuce abin da shafa mai ke bukata.

Ta cika maganarta. Na sha zuwa hutu bayan nan, ba ta taɓa kora ta ba, ɗakinta nake sauka. Amma kwanona daban, a bakin tabarma, har ta rasu.

Kitson ya yi mako bakwai. Na ƙi kwance shi. Ina ɗaure kai in shiga gindin tsamiya, mu ɗora daga inda aka tsaya, in koma ɗaki in ci abinci ni kaɗai. Da kansa ya fara warwarewa ta ƙeya, gashi ya yi ta fitowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Wata yamma bayan an tashi, mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibaina ta tsaya daga nesa kaɗan, tana kallon kaina. Cutar ta taɓa mata fuska, ta lanƙwasa mata yatsu biyu.

"Malama," in ji ta, "kan nan naki ya tsufa. Da can ni nake yi wa matan garinmu. In ba kya so ba komai."

Na dubi hannunta. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Sannan na kwance ɗankwalina, na zauna a ƙasa a gabanta, na ba ta baya.